Falanki Shida na Tungar Baushe

Talata, 3 ga Satumba, bayan la'asar

Gadar Tungar Baushe ta karye. Ina tsaye ina ba zobban rijiya ruwa matata Zulaihatu ta kira ni a waya, tana ihu, sai a karo na uku na gane abin da take faɗi. Akori-kura ce ɗauke da buhunan banda da mata a sama, ta hau gadar, gadar ta rabe biyu. Rafin ya cika da ruwan jiya. Mata uku ba su fito ba.

Wannan littafin na ranakun zubi ne. A ciki nake rubuta ranar da anka zuba kankare da ranar da ya isa ɗagawa. Na duba baya. Falanki shida, zubin 9 ga Mayu, na ƙungiyar masu kifi ta Tungar Baushe, garinmu, can bayan Warra. Abokin aikina Jacob ya ɗaura rodi, ni Dauda na zuba, na ba su ruwa kwana ashirin da takwas cif. Yayana Illo ne ya ɗora su bisa rafin. Ba mai faɗa mini aibin falankin nan. Wallahi ba mai faɗa mini.

Laraba, 4 ga wata, da azahar

Na je jana'iza. Daga Yelwa jirgin ruwa na bi, hanya ta yanke. Ɗaya daga cikin matan Mufida ce, matar Yusha'u masunci, da cikinta wata bakwai. Yusha'u bai yi kuka ba. Ya tsaya bakin kabari da filafilin tuƙa jirgi a hannu, an ce tun jiya bai aje shi ba.

Bayan an rufe su mutane sunka gangara rafi, sunka janyo guntun falanki ɗaya da igiya. Yaya Illo ya durƙusa, ya shafa bakin karayar, ya miƙe ya ce da ƙarfi don kowa ya ji:

"Ku duba! Rodi layi ɗaya ne, shi ma a sama. Ina na ƙasa? An sace shi!"

Wani ya ce wa ke ɗaura rodi a wurin zubin? Wani ya ce Jacob, ɗan mutanen kan dutse. Wani kuma ya ce ai ya sha ganinsa ran Asabar ya wuce gida da rodi ɗaure a bayan babur. Guntaye ne, maigidanmu da kansa ke ba shi, da su ya yi wa awakinsa shinge. Na buɗe baki in faɗi haka. Yaya ya dafa ni ya ce, "Kai ba ruwanka, Dauda, kai zubi kawai kake yi."

Na leƙa karayar sau ɗaya. Ban sake leƙawa ba.

Alhamis, da hantsi

Na ba zobba ruwa. Jacob ya zo aiki, ɗan taurin kai. Na ce masa ya ɓace, ya ce wanda bai ci ba mi zai amayar?

Juma'a, 6 ga wata, bayan la'asar

Mutanen Tungar Baushe sun zo. Ana saukowa daga masallaci sunka iso, babura sun fi ashirin, bibbiyu, da gora da adda da filafili. Maigida ya ga ƙurarsu tun daga titi ya haura katanga, babban mutum da tumbinsa, ya bar takalmi ƙafa ɗaya.

Sunka fara da ginshiƙan da munka jera. Sunka tura zobban rijiya suna faɗa wa juna suna fashewa. Aikin wata biyu. Sunka yayyanka buhunan siminti, wurin ya yi fari fat har ba ka ganin na kusa da kai. Wani tsinanne ya ɗaga guduma zai sauke wa injin kwaɓi, na shara masa shebur a gadon baya, ya faɗi yana kiran Innarsa. Ban yi da-na-sani ba, ko yanzu ya dawo sai na ƙara masa.

Jacob yana bayan teburin lanƙwasa. Yaya Illo ya fara cim masa. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ko akuya bai iya yankawa, ya ɗauki bututun da Jacob ke lanƙwasa rodi da shi ya kwaɗa masa a goshi. Jini ya rufe masa ido ɗaya. Jacob ya ce, "Illo, ni ne fa," ya bangaje mutum biyu ya faɗa cikin gonar dawa. Ƙurar simintin ce ta cece shi.

Yusha'u ya zo gabana, filafilin nan a kafaɗa. Ya ce, "Kai ɗan garinmu ne, albarkacin Illo ka ci. Amma shi, in na same shi, inda Mufida ta sha ruwa nan zai sha."

Shekara goma sha ɗaya muna aiki tebur da tebur da Jacob. Kashe shi za su yi.

Lahadi, 8 ga wata, da yamma

Rachel, matar Jacob, ta zo gidana da 'yarta Blessing goye. Ta ƙi zama. Ta ce, "Baban Yasira, kai ne ke zuba kankare a kan rodin nan. Da idonka kake ganinsa kafin ka rufe. Ya cika ko bai cika ba?"

Na ce ya cika, Maman Blessing.

Ta ce, "To je ka faɗa musu."

Na ce mutane a fusace suke, a bari ƙura ta lafa. Ta kalle ni tun daga hula har takalmi, ta gyara goyonta ta fita. Zulaihatu ta biyo ta da kunu a kwano, ba ta ko waiwayo ba.

Talata, 10 ga wata, da safe

Na je wurin zubi na share. Ni kaɗai. Sauran ma'aikata sun ce sai maigida ya dawo, maigida kuwa wayarsa a kashe.

Mutane suna ganin aikinmu kwaɓa ƙasa ne. Jahilci! Ka shimfiɗa leda a ƙasa, ka kafa akwatin zubi, ka kwantar da ragar rodi yatsa biyu daga ledar, ka zuba, ka daddaka, ka share sama da katako. Layi ɗaya ake sa wa irin wannan falankin, tun da nake ɗaya ne. Kankare yana jure danni, ba ya jure ja. In nauyi ya hau falanki cikinsa na ƙasa ne ke son buɗewa, shi ya sa rodi ke zama a ƙasa. Fuskar da ta kwanta kan leda tana fitowa sumul, har kyalli take. Ta sama kuwa kaushi gare ta, don katako kawai ya bi ta. Duk wanda ya yi sati ɗaya a wurin nan ya san wannan, har ba mu rubutawa a jiki, tunda mu ke zuwa mu ɗora. Na Tungar Baushe ne kaɗai ba mu je ba, mota ta lalace, sunka ce suna da maginin kansu.

Na ga zobe ɗaya da ya tsira bai fashe ba. Na ɗauki guduma na farfasa shi har sai da hannuna ya yi ƙanta. Ban san dalili ba.

Alhamis, 12 ga wata, bayan azahar

Sun ƙone gidan Jacob da rumbunsa biyu. Awakin sun raba. Rachel ta gudu wurin 'yan'uwanta. Mutanen kan dutse sun ce in an sake hawowa da baka da kibiya za a tarbe su.

Juma'a

Ban je wurin zubi ba.

Asabar, da hantsi

Yasira ta zubar da ruwan wankina, na ɗauke ta da mari har ta faɗa kan turmi. Yarinya 'yar shekara tara. Zulaihatu ta shiga tsakani ta ce, "Malam, abin da ke cinka ka je ka same shi, ba a cikin gidan nan yake ba." Na ce ta yi mini shiru. Ta yi shirun, shi ya fi ciwo.

Lahadi, 15 ga wata, bayan la'asar

Sun kama Jacob. Wajen Shanga, a bukkar gonar surukinsa. Wani mai jirgi ya gan shi yana wanke raunin goshinsa a bakin ruwa. An ce ɗaure sunka kawo shi cikin kwale-kwale, fuska a ƙasa, ƙafar mutum a wuyansa tun daga can har Tunga. Da Sarkin Ruwa bai tsaya a mashiga da sandarsa ba da tun yau an gama. Tsohon ya sa anka kulle shi a ɗakin ajiyar banda, ya rataya makulli a wuyansa. Jami'an tsaro sun zo da mota ɗaya, anka tare hanya da kututture da duwatsu, sunka koma neman ƙarin mutane.

Litinin, 16 ga wata, da azahar, Tungar Baushe

Na sauka gidan Inna. Tana ta sa wa Yaya albarka. Wai shi ya tona asirin ɓarawo. Duk wanda ya wuce ƙofar gida sai ya tsaya ya gaishe shi, Illo magini, Illo mai ido. Shekara hamsin ba wanda ya taɓa tsayawa gaishe shi. Gyaran katanga da yaɓen rumbu, shi ke nan aikinsa, mutane suna ce masa wan Dauda.

Munka zauna cin tuwo kwano ɗaya. Na ce, "Yaya, falankin nan, da kunka zo ɗorawa..."

Ya ce, "Kai, ka tuna yadda sunka yi kyau? Da ruwa da tsumma na goge su ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya yi aiki da zuciya ɗaya, wani maciyi amana ya sa a zage shi." Idonsa ya cika da hawaye. Inna ta ce, "Bari, ɗana, Allah ya wanke ka."

Na cusa loma. Na bar maganar.

Laraba, 18 ga wata, da hantsi

Ba su jira makulli ba, rufin kwano sunka ɗaye. Da rana tsaka, jiya, Sarkin Ruwa yana masallaci. Yusha'u da mutum huɗu. Sunka ce sai Jacob ya faɗi inda ya kai rodin. Ya ce babu. Sunka ɗora hannunsa bisa turmin daka, sunka daka shi da taɓarya. Ya ce babu. Sunka ɗora ɗayan.

Ina ƙofar gidan Inna, gida na huɗu daga wurin. Na ji. Muryar Jacob na san ta ko cikin ƙarar inji. Na miƙe, na zauna, na miƙe, na shiga bayi na rufe ƙofa.

Allah wadaranka, Dauda. Allah wadaranka.

Alhamis, 19 ga wata, bayan sallar asuba

Bari in rubuta, ko littafin nan ya sani.

Ranar buɗe gadar ina wurin. Yuli, ranar kasuwa. An yi kiɗa, an soya kifi, an sa Yaya ya fara tsallakawa da sabuwar riga. Na biyo bayansa. Taku ɗaya na yi takalmina ya zame, na duba ƙasa. Sumul. Duka shidan. Ya kife su, santsin a sama, rodin a sama, cikin na ƙasa ba komi. Don su yi kyau.

A take na gane, ban ko yi shakka ba. Na ɗaga kai, ga Yaya a tsakiyar gada mata suna masa guɗa, Inna tana share hawaye da gefen mayafi. Na ce a raina bari taro ya watse. Da taro ya watse na ce ai ƙafa ce da babur, ba abin da za su yi mata. Na ce in an yi girbi zan zo da mutanenmu mu juya su a hankali ba wanda ya sani. Na hau jirgi na koma Yelwa da kifi a leda. Ban lissafa da ruwa zai cinye babbar hanya har mota ta biyo ta nan ba.

Jacob bai saci ko wayar ɗaurin rodi ba. Yaya bai san abin da ya yi ba har yau. Wanda ya sani ni ne.

Asabar, 21 ga wata, da yamma

Sarkin Ruwa ya kira ni. Ya tsufa a sati guda. Ya ce, "Ɗana, na riƙe iya riƙona. Yusha'u ya rantse ranar Talata, in kasuwa ta cika, zai fito da shi ya kai shi rafin. Samarin duk nasa ne. In kana da magana, yanzu ne."

Na ce, "Baba, magana ba za ta shiga kunnensu ba. Ka ba ni babban jirgi da mutum takwas."

Ya bar ni na leƙa ta tagar ɗakin. Wari ya buge ni, banda da ruɓa. Jacob na kwance a kan buhu, hannayensa naɗe da tsumma sun kumbura sun yi baƙi. Na kira sunansa. Ya buɗe ido ya ce, "Dauda, Rachel fa?" Na ce tana lafiya. Ban sani ba ko tana lafiya.

Litinin, 23 ga wata, bayan la'asar

Akwai falanki biyu da sunka rage daga zubin 9 ga Mayu, takwas munka zuba, shida anka ɗauka, a bayan rumfa, masu fashe-fashe ba su gan su ba. Mun sa su a jirgi. Zulaihatu ta raka ni bakin ruwa, ta ce, "Ka faɗa wa Yaya tukuna, ko ya gudu." Na ce in ya gudu za su ce baki munka haɗa don mu ceci abokina. Ta ce, "To kai fa?" Mai jirgi ya tada inji.

Talata, 24 ga wata

Ban iya rubutu yau.

Alhamis, 26 ga wata, da hantsi

Ga yadda anka yi.

Kasuwa ta cika. Sun riga sun fito da Jacob, igiya a ƙugu, ba ya iya tsayuwa. Sarkin Ruwa ya buga sanda ya ce a saurara. Na sa anka jera bulo layi biyu a filin shanya taru, tazarar faɗin rafin. Na ce, "Ga falanki biyu, zubi ɗaya da na gada, hannun Jacob ɗaya. Mu ɗora musu nauyi. In sun karye, ni da kaina zan riƙe muku igiyar." Yusha'u ya ce a yi, ya ga ƙarshen ƙarya.

Na ce, "Yaya, kai ne maginin gari. Ɗora ɗaya yadda ka ɗora na gada. Ni in ɗora ɗaya."

Ya yi murmushi. Wallahi murmushi ya yi. Ya naɗe hannun riga, ya sa mutane sunka juya nasa, santsin a sama, ya share ƙurar da tafin hannu. Ya dubi nawa ya ce, "Kai ma dai, Dauda, ka bar mummunar fuskar a waje." Wasu sunka yi dariya.

Anka fara da nawa. Buhunan yashi, ɗaya bisa ɗaya a tsakiya. Ashirin. Talatin. Arba'in. Samari shida sunka hau sama suna tsalle. Ko motsi.

Anka koma na Yaya. A buhu na ashirin da uku ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara, ya rabe biyu, buhunan sunka zube ƙasa. Ga rodi nan layi ɗaya, a sama, daidai da na rafi.

Yaya ya dubi nasa, ya dubi nawa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin nawa, ya sa hannu ya shafa. Ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe fuskarsa ta yi toka. Ya ce, "Dauda, tun yaushe ka sani?"

Na ce, "Tun ranar buɗewa, Yaya."

Mari ɗaya ya yi mini, haƙorina ya tsinke leɓe. Sa'an nan ya juya ya fuskanci Yusha'u ya ce, "Ni ne. Ku kwance bawan Allah nan."

Filafilin ya same shi a muƙamuƙi. Na ji ƙashin. Na faɗa kansa na rufe shi da jikina, sanduna sunka sauko, ban san nawa ba, ban san na wa ba. Yaya yana ƙarƙashina yana ture ni da gwiwar hannu, ba ya son in rufe shi. Ina ihu ina cewa ni na gani na yi shiru, ni za ku kashe. Inna ta keto taron ba mayafi ta kwanta a kanmu duka biyu, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu. Sandar wani ta same ta a kafaɗa. Ihun da ta yi shi ya tsayar da su.

Yusha'u ya jefar da filafilin, ya zauna a ƙasa cikin yashi, ya fara kuka. Sai ranar.

Juma'a, 27 ga wata, bayan azahar, asibiti a Yelwa

Haƙarƙarina biyu sun karye, numfashi da ƙyar. Yaya yana ɗakin can, an ɗaure masa baki da waya, in na shiga sai ya juya wa bango fuska. Inna ta ce kada in ƙara kiranta Inna sai ta neme ni.

Jacob zai rayu. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu da ruɓar ta shiga jini. Hannunsa na dama sun yanke shi daga wuyan hannu. Na hagu yatsa biyu sunka tsira.

Na tsaya bakin ƙofa na daɗe. Rachel na ba shi koko da cokali, ta gan ni, ta ci gaba da abin da take yi. Shi ya ce, "Shigo, Dauda."

Na shiga. Na ce sannu.

Ya ce, "An faɗa mini abin da ka yi a kasuwa. Na gode. Da yanzu ina ƙarƙashin ruwa."

Na ce, "Jacob, ka yafe..."

Ya ce, "Tsaya. An kuma faɗa mini abin da ka ce wa Illo. Gaskiya ne, tun ranar buɗewa?"

Na ce gaskiya ne.

Ya gyaɗa kai. Ya ɗago dungulmin a hankali daga kan bargo, ya miƙo mini, har bandejin ya taɓa ƙirjina. Ya ce, "To kama mu gaisa. Abin da ka bar mini ke nan."